Foldar Amare

Da yammacin wata Laraba, bayan la'asar, Zailani ya baje kwamfutoci biyu a falon gidansa da ke Takur. Ɗaya sabuwa ce tasa, ɗayar kuma ta shagon ɗaukar hoto ce na yayansa marigayi Abdurrahim a Limawa. Tun rasuwar aka rufe shagon, tsohuwar kwamfutar kuwa ta fara gurnani kamar injin markaɗe, shi ya sa dangi suka ce Zailani, da yake shi ne gwaninsu, ya kwashe hotunan jama'a kafin ta mutu. Ya haɗa su da waya, ya buɗe foldar tarayya, wato inda ma'aikatan shagon ke zuba aiki kowa ya ɗauka, ya shiga kwafa.

Komai ya tafi sumul sai folda guda mai suna Amare. Da ya jawo ta, sai kwamfuta ta ce ba shi da izini. Shi kuwa Zailani ko mutum bai cika ce masa a'a ya haƙura ba, balle na'ura. Ya zare waya ya mayar. Ya kashe ya kunna. Ya shiga da sunan marigayi da kalmar sirrinsa, nan ma aka hana shi. Sai da ya leƙa wurin da ake saka masu izini ya ga suna ɗaya tak: Rukayya, matar marigayin. Abdurrahim ma ya cire kansa.

Ya san dalili sarai. Hotunan amare na lalle da na kitso, waɗanda ake ɗauka ba mayafi, Rukayya kaɗai ke ɗauka ta gyara, kuma da wannan alƙawarin iyaye suke kawo 'ya'yansu. Rukayya tana Buji gidan iyayenta. Kira ɗaya a waya ya isa.

Bai buga ba. Ya mayar da mallakar foldar sunansa, ya ba kansa cikakken izini, kwafi ya wuce. Ya ce wa ransa hoto ɗaya kawai zai buɗe ya tabbatar bai lalace ba. Har ladan ya kira magariba yana nan, daga wannan amarya sai waccan, ya rage hasken allo, kunnensa na ƙofa.

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Na biyu ya sauka tsakar gida, kusa da matarsa Zaituna tana alwala, da ɗuminsa kamar an ciro shi daga murhu. Kaji suka yi tsit.

Haka aka shiga yi kullum da faɗuwar rana. Zailani ya ɗora laifin kan yaran maƙwabta, har ya fita ya yi wa uban yaran tatas a bainar jama'a, alhali a ransa ya san ranar da abin ya soma. Sannan aka fara jin kukan mace ƙasa-ƙasa a falo, daidai inda kwamfutocin suke. Kafin mako ya zagayo abin ya faɗa kan Mahbuba, 'yarsu da ta gama sakandare, yarinyar da ko zaure ba ta leƙawa ba hijabi. Rana na faɗuwa sai ta fizge ɗankwali ta yi wurgi da shi, ta nufi ƙofa za ta fita titi, sai uwar ta rungume ta suna zubewa tare. Da safe ba ta tuna komai.

Zaituna ba ta jira shawararsa ba, ta aika aka kira Malam Maharazu mai ruƙiyya. Dattijon ya zo gab da magariba, ya zauna a bakin tabarma ya fara karatu a hankali. Mahbuba ta sanƙare. Can sai ta ɗago, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta ta yi sallama.

Malam ya amsa, ya tambayi ko wace ce, kuma me yarinya ta yi mata. Muryar ta ce ita Musulma ce, mazauninta tsamiyar bayan shagon Limawa. Da 'yarta za ta yi aure ta ga 'yan'adam na ɗaukar hoton lalle, ta yi sha'awa, sai ta kai ta cikin siffar mutane, saboda ta ji an ce a shagon ba namijin da ke gani.

"Yarinya ba ta yi min komai ba. Ubanta ya kalli tawa ba lulluɓi, ni ma zan fitar da tasa gari ya kalla."

Zaituna ta juyo ta dubi mijinta. Zailani ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Malam ya ce mata ta ji tsoron Allah, ba a kama ɗa da laifin uba, kuma idan ta ƙi zai ci gaba da karatu har ta ƙone. Ta ce ta ji, amma ba za ta tafi hannu wofi ba. A goge abin da aka kwafa, a mayar da kulle yadda yake a gaban idonta, sannan ya kira mai amanar ya faɗa mata da bakinsa.

Zailani ya jawo kwamfutocin. Ya goge kwafin, ya share kwandon sharar kwamfutar, ya mayar da mallakar foldar sunan Rukayya, ya cire nasa. Muryar ta ce ya gwada buɗewa. Ya gwada, kwamfuta ta ce ba shi da izini.

"Saura waya," in ji ta.

Ya kira Rukayya, kowa na ji, ya faɗa mata yana inda-inda. Ta saurare shi har ya gama.

"Nawa ka buɗe, Zailani?"

"Duka, Yaya."

"Yayanka shekara da shekaru yana kwana da foldar nan a shago, bai leƙa ko ɗaya ba."

Ta kashe wayar. Mahbuba ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, kwanon gidan ya yi shiru. Malam ya shafa addu'a.

Da ta farfaɗo ta ga baƙon namiji a falo, ta taɓa kanta ta ji shi a buɗe, sai ta dunƙule tana cewa, "Abba, mayafina." Zailani ya yi sauri ya ɗauko shi daga ƙasa, ya matso zai rufa mata. Zaituna ta tare hannunsa, ba ta ko kalli fuskarsa ba.

"Kawo," ta ce. "Ni zan rufe ta."