Baƙon Dutse a Murhun Serina

"Serina, me ya same ki kika ƙame kamar gunki? Ɗora dutsen mana, wuta ta fara ci."

Inna Doreen ce ke magana, matar kawunta.

Idon Serina na kan abin da ke cikin tafukanta.

Tun tana yarinya take jera duwatsun motu, murhun da muke gasa abinci da zafin dutse a ƙarƙashin ganyen ayaba. Ta san dutsen rafi, sumul yake. Wannan kuwa ya fi girmansa nauyi, kuma inda yatsanta ya goge busasshen taɓo, sai ga ƙarfe mai tsatsa da tsage-tsage kamar bayan abarba.

Duk ɗan da aka haifa a tsibirin Guadalcanal ya san wannan fuskar.

Gurneti ne...

"Inna," in ji Serina, "daga ina kika kwaso duwatsun nan?"

"Bayan tankin ruwa. Namu ba za su isa ba, baƙi sun yi yawa bana."

Tulin nan ne Casper ya ce kada kowa ya taɓa, wai ado zai yi da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Kowane watan Agusta, masaukin Kawu Nollen da ke gindin tudun da aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu yakan cika da jikokin sojojin Amurka da na Japan. Casper ne ɗan jagoran da ke kawo su, ya zagaya da su ramukan yaƙi, a ɓoye kuma ya sayar musu da duk abin da ya tono daga ƙasa. Shi ne Kawu ke so ya aura wa Serina. A wurinmu kuwa maganar kawu ita ce magana, tunda ta wajen uwa ake gadon ƙasa.

Ita zuciyarta na wurin Rolland, mutumin tsibirin Malaita, ɗaya daga cikin masu kwance bama-baman da yaƙi ya bari. Da ya zo gaisuwa, ko kujera Kawu bai ba shi ba.

"Ba zan ba da 'yata ga mai gaisawa da mutuwa kowace safiya ba. In yi biki bana, in yi makoki baɗi?"

Casper ya ƙara zuga shi, wai Rolland so yake ya ce filin akwai haɗari, a rufe masaukin, danginsa su zo su mamaye. A ranar Kawu ya rantse, in ƙafar Rolland ta ƙetare shingensa sai ya sare ta.

Shi ya sa Rolland ke tsayawa a bayan shinge. Yau ma yana can, ya sauko daga duba hanyar da baƙi ke bi, yana jiran ta kawo masa ruwan kwakwa kamar kullum.

"Rolland..."

Da ƙyar sunan ya fito, amma ya ji. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta, murmushinsa ya mutu.

Tsalle ɗaya ya yi, sai ga shi a cikin gida.

"Kai, ba ka da hankali? Maigidan na nan," in ji Inna Doreen.

"Inna, ajiye awartakin nan ki ja baya. Serina, kada ki motsa. Kada ki matse shi, kada ki sake shi."

"Hannuna na karkarwa..."

"Bar shi ya yi karkarwa. Ina nan."

Ɓawon kwakwa ya riga ya kama a ƙarƙashin itace, harshen wuta na lasar duwatsun da aka jera. A gefe Kaka Salome na zaune tana goga rogo, ba ta ji komai ba, kunnenta ya daɗe da tafiya.

Daidai lokacin Casper ya ɓullo da jerin baƙi a bayansa, kowa da abin ɗaukar hoto.

"Ku matso ku ga yadda iyayenmu mata ke girki tun..."

Maganar ta maƙale. Idonsa ya tafi bayan tanki, inda babu sauran dutse ko ɗaya.

"Casper," Rolland ya ce a hankali, "guda nawa ka ɓoye?"

"Ni? Wane irin zance ne wannan?"

"Ban tambaye ka laifi ba. Nawa?"

"Biyu... amma ai matattu ne, tun zamanin kakanni..."

Bakinsa na cewa matattu, ƙafarsa na ja da baya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kafin a ankara ya bar baƙinsa a tsaye, ya ranta a na kare.

Biyu.

Ɗaya a hannun Serina. Ɗayan kuwa...

Duk suka dubi wutar.

Rolland ya daka tsawa: "Kowa ya bi Inna zuwa bayan coci! Kada a tsaya ɗaukar komai, kada wanda ya zuba ruwa!"

Aka watse. Sai ga Kawu Nollen ya fito da adda a hannu, ido jajir.

"Wa ya ba ka izinin taka gidana?"

"Kawu, ƙafar na nan, ka sare ta anjima. Yanzu ɗauki Kaka ka gudu. Akwai gurneti a cikin wutar nan."

Kawu ya dubi hannun 'yarsa. Addar ta faɗi da kanta.

"Serina..."

"Bar mini ita, Kawu. Ko mu fito tare, ko kada in fito."

Tsohon ya sungumi mahaifiyarsa, tana faɗa wai an ɓarar mata da rogo, ya yi waje da ita.

Suka rage su biyu, da wuta tana ƙara.

"Tafi, Rolland," hawaye na bin kumatunta. "Yatsuna sun ƙi buɗewa. Tafi, don Allah... kada mu mutu mu biyu."

"In tafi ina? Wa zai riƙa ba ni ruwan kwakwa?"

Ya sa tafukansa a ƙarƙashin nata. Hannunsa da ɗumi, ko rawa ba ya yi.

"Dube ni, rabin raina. Ni za ki duba, ba shi ba. Taka a hankali, kamar ranar da za a kai ki gidana."

"Wasa kake yi a nan?"

"In na daina wasa, kuka zan yi. Taka."

Suka taka. Wani dutse ya fashe a cikin wutar, tas, ta razana za ta faɗi, ya tallafe ta da kafaɗa.

"Dutse ne kawai. Taho."

A bayan wani ƙaton kututture, nesa da zafi, suka durƙusa tare. Ya riƙa buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, har abin ya kwanta a kan yashi kamar jariri.

"Yanzu gudu."

Suka zuba a guje. Tsohon ramin sojoji, wanda baƙi ke ɗaukar hoto a bakinsa, shi suka faɗa ciki, ya rufe ta da jikinsa.

Ƙasa ta girgiza.

Duwatsu masu zafi suka zubo kamar ƙanƙara, sannan shiru. Ko tsuntsu babu.

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a wuyanta. Jini.

"Rolland?"

Ta girgiza shi.

"Rolland, ka yi mini magana... ka ce ko mu fito tare..."

Sai ta ji numfashinsa a kunnenta.

"Kafaɗa ce kawai, masoyiyata. Amma aladen da kawunki ya yanka wa baƙi, ina jin ya dahu."

Ta riƙe shi tana kuka tana dukan ƙirjinsa.

Kicin ya tashi, ko ginshiƙi bai rage ba, amma ba a rasa rai ba. Abokan aikin Rolland suka zo suka ɗauke ɗayan. Casper kuwa a bakin jirgin ruwa aka kama shi. Ramin mugunta, a gina shi gajere.

Da kafaɗar ta warke, Kawu Nollen ya tara dangi ya haɗa chupu, tulin ban-haƙurin da babba ke ajiyewa in ya saɓa wa wani: gwaza, rake, alade, da igiyar jan wuri, kuɗinmu na gargajiya, a sama. Da hannunsa ya ɗauko kujera ya ajiye wa Rolland.

"Na hana ka 'yata don kana gaisawa da mutuwa a daji," in ji shi, kansa a ƙasa. "Ashe tana bayan tankina, ni nake ba mai ajiyarta abinci. Gani ya kori ji. Ga Serina nan, na ba ka."

Kada ku ce tsoro ya bar Serina. Har yau in Rolland ya ɗauki jakarsa da safe, sai ta raka shi da ido har ya ɓace. Wanda ya ce so na kashe tsoro, ƙarya yake. Zama suke yi ɗaki ɗaya.

Ana gobe biki, Kawu ya hana mata zuwa rafi ɗebo duwatsun murhu. Shi ya shiga ruwa har gwiwa, da furfurarsa. Duk dutsen da ya tsamo, sai ya wanke shi tas, ya miƙa bakin gaɓa da hannu biyu.

"Duba mini wannan, surukina."