Takardar da Muntaka Ya Karanta

A filin makarantar firamare ta Rogo ya fara ganinta, ranar gasar harbin baka ta bayan girbin 1991. Muntaka, malamin makaranta daga Daura ta Karaye kuma sakataren Ƙungiyar 'Yan Baka ta Karaye da Rogo, yana duƙe yana zana layin tsayuwa da toka, sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, layin nan naka fa ya karkace."

Ya ɗago. Yarinya ce riƙe da ƙwaryar fura, tana ta ƙoƙarin danne dariya. Ruƙayyatu ke nan, 'yar Malam Barau na Ruwan Bago, shugaban ƙungiyar.

Tun daga ranar, kowace Juma'a kekensa na hanyar Ruwan Bago. Ita tana ce masa Sakatarena, shi yana ce mata Sanyin Idona. Malam Barau da kansa yake sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Ana cikin haka aka nemi sunayen mutum biyar da za su je gasa a Kano. Malam Barau ya cire Ɗantala, gwanin da duk Karaye ke alfahari da shi, ya sa ɗan ƙanensa Ƙasimu. Bai faɗa wa kowa dalili ba.

"Son kai ne ƙarara," in ji Ɗantala. "Kai ne mai biro, Muntaka. Ko don kana son 'yarsa za ka yi shiru?"

Maganar ta soke shi. Bai nemi jin ta bakin dattijon ba, ya rubuta takardar tsige shi, ya kuma miƙe a gaban taro ya karanta da kansa. Malam Barau ya saurara har ƙarshe, ya ajiye hatimin ƙungiya a kan benci, ya rataya kwarinsa ya fita. Mutanen Rogo suka bi shi. Ƙungiyar ta rabe biyu, aka fasa tafiya Kano.

Da kawunnan Muntaka suka je neman aure, an karɓe su da mutunci, an sallame su hannu wofi.

Shekara biyu ke nan ba ya iya bin hanyar Ruwan Bago. Sai ga wasiƙa ta hannun wata gwaggon Ruƙayyatu mai zuwa cin kasuwar Karaye.

"Sakatarena, gaisuwa mai yawa. Ɗantala ya aiko neman aurena, na ce a'a. A ranar ne Baba ya faɗa wa Inna abin da ya ɓoye. Ɗantala ya taɓa ɗana wa wani makiyayi kibiya a kan rigimar gona, a gaban Baba. Shi ya sa ya cire shi, ya yi shiru don kada hukuma ta kama shi. Idanun Baba sun fara dushewa. Ni ina nan, amma na gaji da ba mutane haƙuri. Taka, Ruƙayyatu."

Muntaka ya karanta sau uku. Ranar ko alli ya kasa riƙewa a aji.

Ya bi 'yan ƙungiyar gida gida, na Karaye da na Rogo, ya roƙe su su haɗu a ƙofar gidan Malam Barau. Ɗantala bai zo ba. Muntaka ya cire takalmansa, ya durƙusa a gaban kowa.

"Baba, a gaban jama'a na zubar maka da mutunci, a gabansu nake neman gafara. Ga hatimi, ka dawo kujerarka."

Dattijon ya juyo wajen Muntaka, ya ce:

"Wanda ba ya ganin allon harbi ba ya shugabantar maharba, ɗana. Kujerar ba ta taɓa damuna ba. Na ɗauke ka ɗa, na yi ta sauraron ka zo ka ce, Baba me ya sa? Kwana uku ina zaune a zauren nan."

Muntaka ya kifa kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Tashi. Ka ce wa kawunnanka su dawo."

Bayan an watse, Ruƙayyatu ta leƙo zaure.

"Ka rame," ta ce.

"Na cuce ki, Sanyin Idona."

"Ka cuci kanka dai. Kada ka ƙara yanke hukunci kai kaɗai."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. 'Yan baka na ɓangarorin biyu sun zo, sun ci tuwo a akushi ɗaya, sai dai ƙungiyar ba ta ƙara komawa yadda take ba, Malam Barau kuma bai sake jan tsirkiya ba. Wannan abin kam, Muntaka bai taɓa yafe wa kansa ba.

Da za a tafi da amarya, dattijon ya laluba ya kamo hannunsa, ya riƙe gam.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ka riƙe min ita amana."

"Amin, Baba," in ji Muntaka.