Gidajen Tudu a Fadama

Zanzaro na tsaye bisa ƙafafunta na ƙarfe tana feso kankare da gilashi, hawa bisa hawa. Na'urar gini ce: a ba ta zane da safe, kafin la'asar ta tayar da bene. Injiniya Nazifi ne ya ƙera ta, kuma zane guda yake ba ta a kowane gari, dogon akwatin gilashi mai sanyin lantarki.

Yau ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan Tudun Iska, unguwar da ƙanwarsa Saudatu ta gina da tsohuwar na'urar da ya yasar. Sai da ta yi rani da damina tana auna iska da ƙasar wurin kafin ta zana komai. Bango mai kauri na jar ƙasa, ɗakunan kwana a nutse cikin tudu. Mutane suka riƙa barin benayensa suna komawa can. A taron magina sunanta aka kira, shi da ya koya mata zane yana kujerar baya.

Abin ya tsaya masa a rai. Da hukumar birni ta ba shi aikin unguwa a Fadama, bakin kogi, sai ya tura jirage marasa matuƙi suka kwafo gidajenta, ya ɗura wa Zanzaro. Na'urar ta yi gargaɗin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa. Ya kashe gargaɗin.

Saudatu ta same shi a wurin aiki ta roƙe shi ya dakata.

"Yaya, waɗannan gidajen tudu ne. Mu zauna mu zana na fadama tare."

"Don a sake cewa ke ce?"

Da damina ta kankama, ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙasan ɗakunan, bangaye suka jiƙe suka zauna. Da kwalekwale aka kwashe mutane. Kowa ya gane zanen, don haka sunan Saudatu aka kama. Hukuma ta haramta ginin ƙasa, ta ba Nazifi aikin rushe Tudun Iska. Bai faɗa wa kowa wanda ya kwafi zanen ba.

Ranar rusau, a gidan farko ya iske mahaifiyarsu zaune a zaure, don ita ma a Tudun Iska take.

"Nazifi," in ji ta, "ka ci ƙanwarka. To, ni ina za ka kai ni?"

Zanzaro tana bayansa, tana jiran umarni.