Dutsen Ganuwa a Gindin Katanga

Rana ta faɗi, magini yana tsakar gida yana wanke cokalin gininsa, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ko kai bai ɗaga ba. A ganinsa ya san mai aikin: ƙanensa direba, wanda ke bayan sabuwar katangar da ta raba gidan ubansu biyu. Tun ranar rabon gado ba su ƙara gaisawa ba.

"Ci gaba da jifa, ɗan baƙin ciki!" ya ce da ƙarfi. "Katangar dai ta zauna."

Dutse na gaba a cikin ɗaki ya faɗi, ƙofa a rufe, taga a rufe. Matarsa ta fito tana salati. A bayanta ga Auta, 'yarsu, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa yake kiranta Uwata. Ta wuce su kamar ba ta taɓa ganinsu ba, ta durƙusa a gindin katangar, ta fara tonon siminti da farce.

Haka aka shiga yi kullum magariba. Jifa, sannan muryoyin maza suna cacar baki a cikin bango, sannan Auta da yatsu jina-jina. Ta daina ci, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Magini mutum ne mai taurin kai, amma da ya kira ta Uwata ta dube shi da idon baƙo, bai ƙara jira ba. Ya je ya ɗauko malam.

Malamin tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu har duhu ya fara rufe tsakar gida. Auta ta sandare. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohon namiji ce, busasshiya.

"Daina ƙona ni, malam. Tambayi ɓarawon nan abin da ya ɗauko."

Magini ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, don ya tuna. Kafin ya tayar da katangar ya kai iyalinsa kallon wani tsohon birni mai ganuwa. Mai zagayawa da baƙi ya tsayar da su a wata ƙofa, ya ce a nan mutanen birnin suka rabu biyu suka yi ta kashe juna, kuma da aka yi sulhu aka sake gina wurin, kowane dutse abokan gaba biyu suka ɗauko shi tare. Magini bai saurara ba. Hankalinsa na kan wani dutse da ya zame daga ganuwar, sassaƙaƙƙe, kusurwarsa tsaf. Wane magini ne zai bar irin wannan a ƙasa? Ya naɗe shi a buhu, ya zo ya kafa tushen katangarsa da shi.

"A kan dutsen nan na yi rantsuwa da wanda ya kashe 'ya'yana," in ji muryar. "Na haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa, na zauna lafiya da shi. Kai kuma ka ɗauke ni ka binne a ƙarƙashin gabarka. A can ana cewa na gudu na karya alkawari. Ka raba ni da mutuncina, zan raba ka da 'yarka."

"Yarinya ba ta ɗauki komai ba," malam ya ce. "Ka ji tsoron Allah. Faɗi abin da zai fitar da kai."

"A mayar da ni."

"Yanzu zan tono shi!" magini ya yi wuf ya ce.

Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Kai kaɗai? Maƙiya biyu suka ajiye shi, maƙiya biyu za su mayar. Kana da maƙiyi ai. Kullum ina jin kana zaginsa."

Magini ya dubi malam, malam ya dubi tabarma. Sannan magini ya dubi yatsun Auta. Wallahi da a ce hannunsa aka nema, da ya fi masa sauƙi. Ya taka zuwa katangar, ya kira sunan da ya rantse ba zai ƙara kira ba.

Ashe direba yana tsaye a bayan bangon tun ɗazu, yana jin komai.

"Yau ka san kana da ƙane, Yaya?" ya ce. "Ba don kai zan zo ba. Sunan uwata ne a kanta."

Suka fasa gindin katangar, wannan da guduma ta nan, wancan ta can, har hannuwansu suka haɗu a kan dutsen. Suna ɗaga shi Auta ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta, ta ce da 'yar muryarta, "Baba, yunwa nake ji." Magini ya juya baya don kada ƙanensa ya ga hawayensa.

Washegari suka kai dutsen a motar direba. Su biyu suka ɗaga shi suka mayar gurbinsa a jikin ganuwar.

Da yamma magini ya kwaɓa siminti, ya jera bulo, ya durƙusa zai toshe ramin. Ya ɗebo cokali na farko ke nan, sai tsakuwa guda ta faɗo a kan kwanon ɗaki, ta gangaro a hankali, ta tsaya a gabansa.

Ya ajiye cokalin, simintin da ya kwaɓa a wurin ya bushe. Har yau 'yan'uwan ba sa gaisawa, amma ramin yana nan, kuma ta nan Auta take sunkuyawa kullum safe ta je gaishe da baffanta.