'Yar Gangare

"Na ce ba zan ba shi ba!"

Kofin shayin da ke hannun Raudatu ya kusa suɓucewa. Mahaifinta, Malam Ya'akubu mai unguwar Gangare, yana tsaye a tsakar gida, bayansa ga katangar da har yanzu take ɗauke da shatin ruwan ambaliya.

"Baba, Mahfuz fa a layin nan aka haife shi..."

"Yau yana ina? Ruwa na janyewa suka kwashe kaya sai unguwar Galtimari, suka bar mu da laka. Yanzu kuma Mahmud dillali ya ce ya gan shi da masu awo a kangon gidansu. Sayarwa zai yi! Gobe maƙwabcinsa ya sayar, jibi babu Gangare."

Ta shige ɗaki tana kuka.

Gangare 'yar ƙaramar unguwa ce a gefen Gwange, a bakin kogin Ngadda. Kakan Raudatu ne ya fara haƙa marina a wurin da ya zo daga Kano. Barebari masu lambu suka biyo, lokacin rikici kuma mutanen Konduga suka zo da ƙunshin kaya a ka, kowane gida ya buɗe musu ɗaki. Ita ma tana alfahari da wannan kamar mahaifinta, shi ya sa maganar ta soke ta.

Ta kira Mahfuz a waya.

"Da gaske sayarwa za ka yi?"

"Wa ya faɗa miki, sanyin idona?"

"Mahmud."

"Mahmud dillali? Wanda ya yi ta bina in sayar masa na ƙi? Wanda ya aika gidanku neman aurenki?"

Ta zauna a bakin gado, shi kuwa ya ci gaba.

"Rauda, ki yarda da ni zuwa Asabar."

"In ka ci amanar unguwar nan, wallahi ko ina sonka kamar raina..."

"Na sani. Don haka nake sonki."

Ranar Asabar aka fito aikin gayya, ana yashe magudanar ruwa. Yoila kafinta yana gyara ƙofar masallaci, yaran Islamiyya da ruwa ya cinye makarantarsu suna karatu a gindin darbejiya. Sai ga Keke Napep ya tsaya. Mahfuz ya sauko, ya kamo hannun mahaifiyarsa, Ya Aisa.

Ta nufi mai unguwa kai tsaye, ta gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Ba Ya'akubu. An ce ka kira ɗana matsoraci."

"Abin da na gani na faɗa."

"To ji abin da ba ka gani ba. A kan rufin kwano muka wayi gari da uwata makauniya, ruwa na lasar ƙafarta. Tun ranar, ko buta aka tuntsurar sai jikinta ya hau kakkarwa. Ni na ce mu tashi. Mahfuz kuka ya yi kamar yaro."

Masu shebur suka tsaya cak.

"Masu awon kuma magina ne," in ji ta. "Gaban filin mun ba Islamiyya, tunda ya fi tudu. Bayan kuma zai yi ɗaki biyu, in ka ba shi matar da zai saka."

Mahmud ya sulale ta lungu, ba wanda ya ko kalle shi.

Raudatu tana bakin ƙofa, ta danne baki da mayafi. Mahfuz ya durƙusa gaban mahaifinta cikin laka, da farar shaddarsa.

"Baba, ban taɓa barin nan a zuciyata ba."

Malam Ya'akubu ya daɗe yana kallon kogi. Da ya juyo, idonsa ya kaɗa.

"Ki gafarce ni, Aisa. Gangare ba ta taɓa korar baƙo ba, ni kuma na kusa korar ɗanta." Ya miƙa wa Mahfuz shebur. "Tashi. Suruki ba ya tsayawa kallo ana aiki."

Guɗa ta tashi daga cikin mata!

Bayan damina aka ɗaura aure, ranar da yara suka shiga sabon ajinsu. Mai unguwa ya hana a kawo mota. A ƙafa za a kai amarya, in ji shi, ta layin da ta yi rarrafe.

Tafiyar gida uku ce, amma daga la'asar sai da aka kira magariba. Matan Konduga suka tare hanya da turaren wuta, masu lambu suka shimfiɗa mata tabarmi, matar Yoila ta riƙe ta tana hawaye tana sa albarka.

Da ta shiga, Mahfuz ya ɗaga mayafinta a hankali.

"Gida uku fa, amaryata... har na fara tunanin kin fasa."

Ta ɗago kai, ta dube shi ido cikin ido, tana murmushi.

"Ka manta 'yar ina ka aura?"