Man da Hajiya Kaltum Ta Haɗa

Khairunnisa na tsakar gidansu a Dala tana gyara fitilar ɗaukar bidiyo, sai ga Habib ya yi sallama, baƙar leda a hannu, fuska ba walwala. Saƙo ne daga mahaifiyarsa, Hajiya Kaltum mai shagon kayan ƙamshi a Gamboru. Man bilicin ta fara haɗawa da kanta, tana so amaryar ɗanta ta tallata mata a TikTok. Har abin faɗa ta tsara: wai baƙar mace sai dai ta yi ta anko a bikin ƙawaye.

Takaici ya kama Khairunnisa. Kowa ya san ƙa'idarta, ba ta tallan abin da ba ta gwada ba, ba ta kuma tallan da zai kunyata wata. Yawancin masu bibiyarta 'yan mata ne baƙaƙe kamar ita. Ta ce ya ba Hajiya haƙuri.

Wane haƙuri! Hajiya ta sa aka tsayar da kai lefe. Ta bi dangi tana cewa yarinyar da ke tallan shinkafar bare ta raina sana'ar uwar miji tun kafin ta shigo. Habib kuwa, bawan Allah, kullum maganarsa ɗaya, bidiyo ne fa kawai, ta yi ta goge daga baya. Ta sha kuka har ta gaji, don tana sonsa.

Ranar Juma'a ta shirya ta je gaida Hajiya. Tana durƙushe ana amsa mata da ƙyar, Aisha Humaira, autar Hajiya, ta fito da gudu da robar man a hannu. Ita dai duk abin da Anti Khairu ta nuna sai ta saya.

“Anti, Mama ta ce ke za ki yi tallansa. Ashe yana da kyau? Bari in fara tun yau, ko a daina ce mini gawayi a makaranta.”

Ta buɗe ta lakato. Hajiya ta zabura ta fizge robar, ta kama yatsan tana gogewa da bakin lafayarta.

“Ke! Wa ya ce ki taɓa? Ba naki ba ne!”

Khairunnisa ta sunkuyar da kai ta ce:

“Mama, masu kallona ma duk autocin wasu ne.”

Hajiya ta daɗe riƙe da yatsan 'yarta.

Ba a rufa mako ba lefe ya iso Dala, da kwalbar turaren wutar da Hajiya ta gada wurin kakarta. Shi Khairunnisa ta turara, ta yaba, sannan ta tallata.

'Yan mata, a riƙe gaskiya ko da aure na rawa. Abin da ba za ki shafa wa taki ba, kada ki tallata wa 'yar wani.