Rufin Motar Lonnie

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Virgil Stamper ya tsaya a bakin filin matattun motoci na Opal Reddick. Zarto ne a hannunsa. Falle ɗaya yake nema daga rufin wata tsohuwar akori-kura.

Fanel-bita ne, kuma a duk wannan yanki na Oklahoma babu mai hannunsa. Halinsa ne dai babu mai so. Ya daɗe yana gina wata akori-kura ta zamanin kakanni don ya kai ta bikin nunin motoci na lokacin kaka, a san da shi. Ya sauke ta har cikinta na shafar ƙasa. Ya cire hannayen ƙofofin ciki da waje, ya toshe gurbinsu, jikin ya yi sumul kamar ƙwai. Sannan ya sare ginshiƙan rufin ya rage musu tsayi, tagogin suka koma 'yan sirara. Amma rufin da aka sauke ba ya haɗuwa sai an tsaga shi a tsakiya an ƙara masa falle. Fallen kuwa sai na mota irinta, mai lanƙwasa iri ɗaya.

Irinta ɗaya ce ta rage a yankin, kuma ta yayansa ce, marigayi Lonnie.

Opal na zaune a baranda da kofin shayi mai ƙanƙara. Da ta ga zarton sai ta ajiye kofin.

"Wajen binne shi ba ka zo ba, Virgil. Yau ne za ka yi ta'aziyyar, da zarto?"

"Ƙarfe na zo nema, tsohuwa, ba wa'azi ba."

Ta ce ya je ya yanka, ita ba ta riƙe tsatsa ba. Amma ta tuna masa dokar da kowane tsohon fanel-bita ya sani. Ƙarfen motar da mutum ya mutu a ciki, sai an gasa shi ya yi jawur, an bar shi ya huce, kafin a ɗora shi a wata motar. Ƙarfe ba ya mantuwa. Shi ya sa lotsattsen bodi yake neman komawa yadda yake. Tsofaffi kuwa sun ce ba siffarsa kaɗai yake riƙewa ba, kuma aljanu suna son shiga duk abin da ya ƙi mantuwa.

Virgil ya tofar da yawu. Wuta za ta ɓata lanƙwasar, shi kuwa lanƙwasar ya zo ɗauka.

Aikin rufi na mutum biyu ne. Ɗaya na waje da guduma. Ɗaya na ciki, riƙe da dunƙulen ƙarfe mai santsi, yana tare bugun ta baya. In guduma ta sauka a kan dunƙulen, ƙarar takan fito ƙwal. In babu kowa a bayan, sai ka ji bum, kamar an bugi garwa.

Tun suna samari Lonnie ne na ciki. In hannunsa ya gaji yakan ƙwanƙwasa sau biyu, wato a canja. Virgil bai taɓa canjawa ba. Amsarsa ita ce ya ƙara nauyin gudumar, daidai saman kan yayansa. A haka kunnen Lonnie ya tafi, sannu a hankali. Da ya daina jin inda gudumar ta dosa, Virgil ya jefa masa jakarsa waje a gaban mutane, ya ce shi ba ya ciyar da kurma. Lonnie ya shiga motarsa ya tafi. A mararrabar layin dogo da ke bayan gari, jirgi ya yi ta busa. Bai ji ba.

Motar Lonnie na can ƙarshen filin, ciyawa ta cinye tayoyinta. Gefen hagu ya naɗe kamar tsumma. Rufin ne kawai ya tsira, in ban da wani ɗan tudu daidai saman kujerar direba, wanda aka turo daga ciki.

Virgil ya hau. Zarton ya kama ƙara. Daga nesa injinan zuƙo mai na ta nishi suna sunkuyawa. Warin tsatsa da fitsarin ɓera ya taso, a ƙarƙashinsa kuma wani wari da ya sani, tabar taunar Lonnie mai ƙamshin na'a-na'a.

Da ya ɗago fallen, gyare suka yi shiru.

Ƙarfen da ɗumi, ga shi kuwa a inuwa ya wuni.

Washegari ya daidaita fallen, ya yi masa walda a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Almuru ya same shi a kai. Garejin na warin ƙonannen ƙarfe da baƙin mai. Fitila ɗaya ce a rataye. Ba shi da mataimaki, domin babu wanda yake jure masa.

Saura bugun haɗin. Gefe-gefe zai iya, in ya zura hannun hagu ta taga. Tsakiyar ce ba zai kai ba. Ya tsaya a kan benci yana tunanin wanda zai roƙa gobe. Cikin haushi ya ɗan taɓa tsakiyar da guduma.

Ƙwal.

Ya tsaya.

Ya matsa gefe kaɗan, ya sake.

Ƙwal.

Ya waiwaya ya dubi teburin kayan aiki. Zartuna na nan, almakashi na nan. Gurbin dunƙulen ne babu komai, sai zanen da ya bari a cikin ƙura.

Da wani ne, da gudu zai fita. Virgil ya sunkuya ya leƙa ta siririyar tagar. Duhu ne, da ƙarafan kujera. Ƙofar na nan a ɗan buɗe, da tsumman da yake cusawa a bakinta don kada ta kulle. Babu kowa.

Ya miƙe, ya shafa inda ya buga. Ya kwanta luf. Ya buga gaba, aka tare. Ya tsallaka can nesa ba zato, aka riga shi. Ko Lonnie yana da kunnensa bai taɓa bin guduma haka ba.

Tsoron ya zo masa, amma kwaɗayin ya fi yawa. Ya yi murmushi.

"Ashe sai da ka mutu ka koyi aiki, Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ya ci gaba. Zufa na ɗiga a kan ƙarfen. Haɗin na ɓacewa a ƙarƙashin gudumar kamar ba a taɓa yanka ba. Can sai aka ƙwanƙwasa daga ciki, sau biyu.

Virgil ya ɗaga gudumar ya sauke da duk ƙarfinsa, kamar yadda ya saba.

"Riƙe, kurma. Ban gama ba."

Aka riƙe. Suka tafi a haka har suka iso ɗan tudun nan na saman kujerar direba.

Bum.

Ya sake. Bum. Ƙarfen ya fara lotsawa. Ya yi zagi, ya ajiye gudumar a kan rufin, ya sauko. In tudun bai kwanta ba, alƙalan biki da shi za su fara. Ya ja ƙofar ya shiga a duƙe, don rufin ya yi ƙasa sosai.

Dunƙulen na kan ƙarfen kujera. Ya ɗauka. Da gumi a jikinsa, gumin tafin wani.

Ya ji faɗuwar tsumman, a hankali.

Ƙofar ta rufe. Makullin ya kama.

Ya laluba neman hannun ƙofa. Ƙarfe ne sumul. Shi ya cire, shi ya toshe. Ya tura kansa ta taga, kunnuwansa suka maƙale. Shi ya rage mata tsayi.

A waje, bencin ya yi ƙara. Wani ya hau.

Aka ja gudumar a kan rufin, ƙiii, daga baya zuwa gaba. Ta tsaya daidai saman kansa.

Warin na'a-na'a ya cika motar.

Lonnie da ƙarfi yake magana tun da ya kurmance. Wannan muryar raɗa ce, kuma kamar daga cikin ƙarfen take fitowa.

"An canja, ƙanena. Kai ne na ciki."

Bum.

Rufin ya lotso ya taɓa gashinsa. Bum. Ya ƙara saukowa. Virgil ya gane. In bai tare ba, rufin zai same shi a nan. Ya ɗaga dunƙulen da hannu biyu ya manna.

Ƙwal.

Ƙarar ta shiga haƙoransa. Ta shiga idonsa. Motar duk ta zama ƙararrawa, shi ne a tsakiyarta. Bai taɓa sanin haka ake ji a ciki ba.

Gudumar ta matsa. Ya bi. Ta tsallaka. Ya bi. Kafaɗunsa suka kama wuta. Duk inda ya makara, rufin ya sauko.

Ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Gudumar ta tsaya.

Sai bugun ya sauko, mai nauyi, a kan yatsunsa da ke gefen dunƙulen. Ya ji sun karye kamar kara.

"Yaya," ya ce. "Don Allah."

"Riƙe, kurma."

Wannan ce maganar ƙarshe da ya ji a duniya.

Wani abu mai ɗumi ya gangaro daga kunnuwansa zuwa wuyan riga. Bugun bai tsaya ba. Yana ganin rufin na rawa, yana jin sa a ƙashinsa, amma ƙarar ta tafi.

Fitilar ta fara lilo.

Ƙasa ta fara kaɗawa.

Haske fari ya shigo ta tagar hagu, yana girma. Layin dogo na can bayan gari, nesa da garejin. Amma hasken nan ido ɗaya ne, irin na jirgi, kuma shi ya nufo.

Ƙafarsa ta taka katako. Katakon da ya rufe ramin da akwatin giyar motar zai zauna. Ya hamɓare shi. Ya zura ƙafafu, ya zura ƙugu. Bakin ƙarfen da bai goge ba ya kama bayansa ya yage. Ƙarƙashin motar ba sarari, shi ya sauke ta. Ya ja ciki a kan siminti da gwiwar hannu, yana barin fata a baya.

Hasken ya cika garejin.

Iska mai zafi ta wuce ta kansa, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba.

Da safe mai kawo tukunyar iskar walda ya tsince shi a bakin ƙofa, a kwance, bakinsa a buɗe. Garejin lafiya lau. Gudumar na kan tebur, dunƙulen na gurbinsa. Rufin motar kuwa ko alamar lotsawa babu. Ɗan tudun ma ya kwanta.

Masu sana'ar suka yi ta zuwa kallo daga garuruwa. Suna shafawa suna kaɗa kai, suna cewa Virgil bai taɓa aiki irin wannan ba. Motar ba ta je bikin ba. Duk wanda ya zo da niyyar saye, in ya zauna a ciki sai ya fito da sauri ya ce zai dawo. Opal ta zo sau ɗaya. Ta dubi rufin, ta dubi Virgil, ta yi masa wata magana. Leɓenta kawai ya ga yana motsi.

Yatsun sun haɗe a karkace, ba sa riƙe guduma. Dunƙule dai suna iya tallabe shi. Yanzu a garejin wani yake, a ɗaya gefen gari. Shi ne na ciki. Maigidan ya ce kurma ya fi dacewa da aikin, tun da ba abin da ya rage da za a ɓata. In Virgil ya ƙwanƙwasa sau biyu, dariya ake yi a waje. Yakan ji ta a jikin ƙarfen.

Hanyarsa ta gida ta kan layin dogo take bi. Kullum da almuru yakan tsaya a mararrabar, ya sauko daga mota, ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen dogo, don ya gane ko jirgi na tafe. Wata rana ƙarfen shiru ne, sai ya haye.

Wata rana kuma sai ya ji an ƙwanƙwasa a ƙarƙashin tafinsa, sau biyu.

Ranar ba ya hayewa, a cikin mota yake kwana.